Matsayin Ƙarfin Gamow-Teller a Nikel-56 da Tasirinsa ga Lissafin Fashewar Taurari

Tsakure

Maƙalar nan ta sake duba awon sauyin Gamow-Teller da aka samu ta hanyar musayar caji. Hujjarta ita ce, wurin da ƙarfin sauyin ya taru ya fi jimillarsa tasiri ga saurin kamun ilektiron a cikin tauraro mai shirin rugujewa.

Gabatarwa

Matsin ilektiron ne ke tallafe cibiyar ƙarfe ta babban tauraro. Da zarar ƙwayoyin zarra sun fara haɗiye ilektiron, firoton ya koma nutiron, nutirino ya fice da makamashi, sai tallafin ya yi rauni, cibiyar ta rufta. Ruɓewar beta ba ta nuna mana sai ɗan yanki na wannan sauyi na Gamow-Teller, shi ya sa ake komawa ga musayar caji.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Jadawalin Fuller da Fowler da Newman na shekarun 1980 ya daɗe yana jan ragama, amma ya ɗauki firoton da nutiron tamkar kowanne zaman kansa yake yi. Awon musayar caji irin na (n,p) da aka yi a cibiyar TRIUMF a Kanada ya nuna ƙarfin ya ragu, kuma a warwatse yake. Langanke da Martínez-Pinedo sun gyara wannan a 2000 da tsarin ɓawo, ga zarra masu nauyin 45 zuwa 65. Inda muke ja da wasu magadansu shi ne gamsuwa da daidaituwar jimilla kawai, alhali ba girin-girin ba, ta yi mai.

Hanyar Bincike

An kwatanta sakamakon da aka riga aka wallafa, bisa ƙa'idar Taddeucci da abokan aikinsa ta 1987, wadda ta ce yawan karo a kusurwar sifiri yana tafiya daidai da ƙarfin sauyin.

Sakamako

Nikel-56 ne zakaran gwajin dafi. Yana da firoton 28 da nutiron 28, kuma rabinsa kan ruɓe cikin kwana shida, don haka ba ya zama abin harbi. A 2011 Sasano da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Mishigan suka juya tsarin: suka harba nikel ɗin kansa cikin ruwan haidurojin, suka kama nutiron masu ƙarancin gudu da ke fitowa ta gefe. Da yake firoton da nutiron sun zo kunnen doki, abin da aka auna wajen sauyi zuwa tagulla-56 madubi ne na sauyi zuwa kobal-56, wanda shi ne ke faruwa a tauraro.

Ƙarfin ya fito tudu biyu. Lissafin tsarin ɓawo na GXPF1A ya hango haka, na KB3G kuwa tudu ɗaya ya bayar. Bambancin ba na ado ba ne. Kafin cibiya ta cushe sosai, makamashin ilektiron bai kai ga tudu na sama ba, don haka duk lissafin da ya tara ƙarfin a ƙasa zai zuzuta saurin kamun.

Iyakokin Binciken

Gaskiya ne zarra mai sanyi ake aunawa, alhali ta tauraro tana cikin zafin digiri biliyoyi. Ƙa'idar Taddeucci ma takan yi tuntuɓe a raunanan sauye-sauye, kuma idan cunkoso ya tsananta jimilla ce ke rinjaye.

Kammalawa

Ya kamata a riƙa tantance kowane lissafi da siffar rabon ƙarfinsa. Cibiyar FRIB, wadda ta fara aiki a 2022, ta ba da damar yin wannan gwaji ga zarra masu nutiron kusan 50, waɗanda ke cika cibiya a lokacin ruftawa.