Gidajen Mbandaka: Bashin Da Ba Kuɗin Ruwa

Yau tarihi zai kai mu ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu.

A 1973 wani lauya Ba'amurke, Millard Fuller, da matarsa Linda suka sauka a garin Mbandaka, bakin kogin Kwango, domin aikin mishan. Mutumin nan fa ya kuɗance tun bai cika shekara 30 ba, amma ya rabar da dukiyarsa.

Filin da suka samu, a zamanin mulkin Beljiyam an bar shi fayau ne don ya raba unguwar Turawa da ta baƙar fata. Nan aka shiga buga bulo ana ɗora gini, 'yan sa-kai da mutanen gari tare.

To amma ba kyauta ake raba gidajen ba. Mai gida zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba riba, ba kuɗin ruwa, kuma da kuɗinsa za a gina wa na bayansa. Daga baya aikin ya kai ƙauyen Ntondo, bakin tafkin Tumba.

A 1976 suka koma Amurka suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a kan wannan tsari. Ka ga, talaka bai zama mabaraci ba, da guminsa ya mallaki gidansa.