Waɗanda Suka Tafi Gabas A Ƙasa: Ina Zuriyarsu Take?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi, wanda kuma yakan taɓa fataucin hatsi da rani, daga wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada a Jihar Katsina.

Bayan gaisuwa mai yawa, malamin ya ce ya ji a rediyo cewa Turawan Kanada da Amurka sukan tashi takanas su je ƙasar Sukotlan neman tushen kakanninsu. Ya ce to ai shi ma yana da irin wannan ƙishirwa. Wan kakansa ya tashi zuwa Makka a ƙasa tun zamanin Sarkin Katsina Dikko, shi da maiɗakinsa da jaki guda, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har yau akwai gonar da ake kira da sunansa, ana nomawa amma ba a raba ba, ga shi yanzu dangi sun fara tada maganarta. Shi ne yake tambaya: ina irin waɗannan mutane suka shiga, kuma ta wace hanya za a gano zuriyarsu?

To malam, mun gode da wannan tambaya, kuma mun tabbata ba gidanku kaɗai ta shafa ba. Bari mu fara da Turawan da ka ambata a taƙaice, sannan mu dawo gida.

Sukotlan dai ita ce arewacin tsibirin Birtaniya. Daga tsakiyar ƙarni na 18 har zuwa tsakiyar na 19, masu ƙasa a yankin tsaunuka sun yi ta tashin talakawa daga gonakinsu, don sun ga kiwon tumaki ya fi kawo musu kuɗi. A 1846 kuma cuta ta kama dankalin da suke dogara da shi, yunwa ta shigo. Sai mutane suka yi ta shiga jiragen ruwa. Wani jirgi mai suna Hector ya sauke mutum kusan 200 a gaɓar Kanada tun 1773, a 1848 kuma wasunsu suka kafa garin Dunedin a can Niyu Zilan. Abin da ya sauƙaƙa wa jikokinsu bincike shi ne rubutu. Majami'unsu na rubuta wankan suna da ɗaurin aure, daga 1855 kuma hukuma ta tilasta rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa. Ga kuma sunan dangi: kalmar Mac da kake ji a farkon sunayensu, ma'anarta ɗan wane, kamar dai yadda muke cewa Ɗantata ko Ɗanfodiyo. Mu ba mu da irin wancan rajista ta zamanin kakanka, amma kada ka karaya, muna da namu hanyoyin.

Tafiya gabas a ƙasa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa alhazai ke bin wannan hanya, kuma a ƙarni na 19 maganar bayyanar Mahadi a gabas ta ƙara zuga mutane, har sarakunan Sakkwato suka sha hana jama'a yin ƙaura. Amma babban tashin ya zo ne a 1903. A watan Fabrairu na shekarar Turawan Ingila suka ci Kano, ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, sai ya nufi gabas da niyyar hijira. Duk inda ya ratsa, manoma na ajiye fartanya su bi shi, malamai da almajiransu, attajirai da talakawa, har abin ya tsorata Turawa suka bi sawunsa. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka gwabza a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda Attahiru ya rasu tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya har suka isa Sudan. Can aka ba su wuri a bakin kogin Nilu, reshen da ya gangaro daga Habasha, kusa da garin Sannar. Garin da suka kafa har yau sunansa ake kiransa da shi, wato Mayurno.

Wan kakanka kuwa, tunda ka ce zamanin Dikko ne, to tsakanin 1906 da 1944 ke nan ya tashi, don shekarun da Sarki Muhammadu Dikko ya yi bisa gadon Katsina ke nan. Shi Sarki da ya tashi hajji a 1921 ta jirgin ruwa ya bi, har ya biya ta Ingila. Talaka kuwa ƙafarsa ce jirginsa. Abubuwan da ke tada shi suna da yawa: ga begen Ɗakin Allah, ga nauyin haraji, ga yunwa irin ta Kakalaba wadda aka yi a 1913 zuwa 1914.

Ga yadda hanyar take. Mutumin Kankiya zai bi ta Kano, ya wuce Yarwa, wato Maiduguri, ya haye zuwa Fallomi, wadda tun 1973 ake kira Njamena. Daga nan sai Abeshe a ƙasar Wadai, sai Junaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa zuwa Hartum. Daga Hartum a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A baki abin kamar wasa, amma tafiya ce ta shekaru. Guzuri kan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai a yada zango a yi noman damina ɗaya ko biyu, ko ƙodago, ko ɗinki, ko wanzanci, a tara ɗan abin da ya samu a ƙara gaba. A hanya ake haihuwa, a hanya ake aure, a hanya kuma ake binne wasu.

Abin da ya fi tsayar da mutanenmu a Sudan shi ne auduga. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, tsakanin rassan Nilu biyu. Ana neman hannu ido rufe, Bahaushe kuwa ba a koya masa noma. Mai niyyar kwana arba'in sai ya yi shekara arba'in. Wasu sun je sun sauke farali sun dawo Sudan sun zauna, wasu har suka rasu suna cewa baɗi za su ƙarasa. Haka unguwannin Hausawa suka kafu a Wad Madani da Gadarif da Kasala da Fot Sudan da sauransu, suna noman dawa da riɗi, suna su a bakin kogi, suna kasuwanci. Mutanen can na kiran su Fallata ko Takari. Naman da ake gasawa da ƙuli-ƙuli da yaji a biranen Sudan sunansa agashe, ka ji Hausa tsantsa. Waɗanda suka haye suka zauna a Makka da Madina da Jidda kuwa, jikokinsu ne ake kira Hausawi. Usama Hausawi ma shi ne kaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Sai dai kash, zaman bai zo da sauƙi ba. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ka ga duk wanda ya zo bayan Burmi ya faɗa waje ke nan, sai daga baya aka sassauta dokar. A 2022 an yi mummunan rikici tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a yankin Damazin a kan ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daga Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, ya kuma shafi Jazira da Sannar. Don haka mutanen da kake nema, in suna nan, mai yiwuwa sun fi ka bukatar sanin cewa suna da dangi a wani wuri.

To yanzu yaya za ka yi? Abu na farko, fara daga gida, kuma yau ba gobe ba, don duk tsohon da ya kwanta dama ya tafi da abin da ke cikinsa. Zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata, gwaggo da inna da kaka, su ne ba sa manta wa ya auri wa, wa ya haifi wa. Ka sa yaro ya rubuta, ko ka ɗauki muryarsu a waya. Ka nemi sunan yanka na mutumin da laƙabinsa, da sunan ubansa da kakansa, da sunan matar da ya tafi da ita da garinsu, da sana'arsa. In ba a san shekarar tafiyarsa ba, tambayi abin da ya faru a lokacin: kafin yunwa ne ko bayanta? An yi fari ko fara? Wa ke hakimci? Da haka ake kamo shekara.

Na biyu, tsagar gidanku. Yadda mutanen Sukotlan ke gane dangi da zanen tufafinsu, haka mu aska ce shaidarmu. Je ka gidan wanzamanku na gado su faɗa maka irin askar da ake yi wa zuriyarku. Ko da jikokin can sun daina tsaga, za su tuna kamannin fuskar kakansu.

Na uku, duba tsofaffin littattafan gida. Malamai da yawa kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a bangon Alƙur'ani ko gefen littafi, wani lokaci kuma akan tarar da wasiƙar da wani alhaji ya kawo daga hanya, an naɗe an ajiye cikin gafaka. Daga nan sai gidan mai unguwa da dagaci da hakimi, su ne suka san tarihin gonaki. In kana da ɗa ɗan boko, tura shi ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, inda ake ajiye rahotannin da Turawa suka rubuta a kan gundumomin Katsina. Ba lalle ya ga sunan talaka a ciki ba, amma zai ga labarin haraji da yunwa da ƙaurar mutane shekara-shekara.

Na huɗu, aika saƙo can. Zumunci a ƙafa yake, amma yanzu waya ta rage wa ƙafa aiki. Unguwannin Hausawa a Sudan suna da shehunansu da limamansu, kuma tsofaffinsu da yawa sun san garin da kakanninsu suka fito, wannan Bakatsine ne, wancan Bakano ne. Duk mai zuwa hajji ko umra daga garinku, ba shi takarda da sunayen nan, ya tambayi Hausawan Makka da Madina. Ɗaliban da suka yi karatu a Sudan su ma ƙofa ce.

Amma fa a yi hattara. Da zarar an ji maganar gona, za ka ga masu cewa su ne jikokin. Kada ka zayyana wa baƙo duk abin da ka sani. Riƙe abu biyu ko uku a cikinka, kamar laƙabin mutumin ko sunan uwarsa, ka bar mai da'awa ya faɗa da bakinsa. Kada kuma ka aika wa kowa kuɗi da sunan zai binciko maka.

Batun gona kuwa, wannan na alƙali ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya ɓace ba a san rai ko mutuwarsa ba ana kiransa mafƙudi, ba a raba dukiyarsa sai ya kai shekarun da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba, abin da ya fi shahara shi ne shekara 70 daga haihuwarsa, sannan alƙali ya yanke hukunci. Wan kakanka ya wuce wannan tuntuni. Amma in ya bar 'ya'ya a can, suna da hakki a gadonsa. Saboda haka shawararmu ita ce ku yi iyakar ƙoƙarinku na bincike tukuna, sannan ku taru ku je gaban alƙali da malamai masana rabon gado, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu. Kada gonar da aka riƙe amana shekara da shekaru ta zama sanadin raba zumuncin waɗanda ke gida.

Kuma malam, wannan wahala da kake sha, kada ka bar wa jikokinka irinta. Sayi littafi, ka rubuta sunanka da na iyayenka da kakanninka iyakar inda ka sani, da duk wanda ya tafi Kurmi ko Gwanja ko gabas, ka ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. In Allah ya sa an dace, a rubuto mana mu taya ku murna.