BAYANI: Yadda ake zaɓen zarto mai ƙananan haƙora, da abin da ya haɗa shi da kayan katakon makarantun Kano

A watan Yunin 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, inda ya bayyana cewa ɗimbin ɗalibai a makarantun jihar a ƙasa suke zama saboda rashin kujeru. Duk alƙawarin samar da kujeru, tebura da kabad a ƙarshe hannun kafinta yake komawa. Ingancin abin da kafinta zai miƙa kuwa ya rataya ne a kan abubuwa uku: busasshen katako, irin haɗin da ya yi wa katakon, da kayan aikin da ya yanka haɗin da su. Wannan bayani ya duba na ukun, musamman ƙaramin zarton da ake yanka haɗin wutsiyar kurciya da shi.

Mene ne haɗin wutsiyar kurciya?

Hanya ce ta haɗa allunan katako biyu a kusurwa ba tare da dogaro da ƙusa ba. Ana yanka bakin allo ɗaya ya fitar da kunnuwa masu faɗi a waje, masu tsukewa a gindi, kamar wutsiyar kurciya idan ta baza ta. A ɗaya allon kuma a yanka gurabun da kunnuwan za su zauna daram. Idan aka haɗa su, jan da za a yi wa allon ta gaba ƙara matse haɗin yake yi. Shi ya sa ake amfani da shi a gaban durowa, akwati, da kusurwoyin kabad. Kafintocin da suka yi makarantar fasaha da sunansa na Turanci suka fi saninsa, wato dobtel.

Haɗin tsoho ne ƙwarai, domin an same shi a jikin akwatuna da kayan katakon Misira ta zamanin Fir'aunoni. Ƙa'idar da littattafan kafinta suka saba koyarwa ita ce karkatar kunnen ta zama 1 cikin 6 a katako mai laushi, 1 cikin 8 a katako mai tauri. Ma'ana, a kowace milimita 6 ko 8 ta tsawon kunne, layin ya karkace da milimita 1.

Ƙafafun benci da tebur wani haɗin ake yi musu, na harshe da rami, inda ake fafe rami a katako ɗaya a cusa harshen ɗayan. Shi ma da ɗan'uwan wannan zarto ake yanka shi.

Me ya sa batun ya shafi Wudil?

Wudil, da ke bakin kogi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, gari ne na makarantu. A nan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote take, wadda ta fara aiki a 2001, a da ana kiran ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, aka sauya mata suna a 2022. A nan Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Ƙasa take, haka nan Kwalejin Fasaha ta Gwamnati. Ga kuma kasuwar Juma'a da ke tara jama'a daga Kano, Jigawa da Bauchi. Garin da ke da ɗalibai, ɗakunan kwana da ofisoshi haka ba ya rabuwa da buƙatar tebur, loka da durowa.

Yanayin yankin kuma ba ya raga wa aikin ƙusa. Da damina katako yana shan danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Wannan kai da komo yana faɗaɗa ramin ƙusa a hankali har ta saki, sai a wayi gari gaban durowa ya biyo hannu. Haɗin da siffarsa ce ke riƙe shi ya fi jure wannan motsi, muddin an yanka shi daidai.

Akwai kuma batun wuta. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareto domin injin yanka ya ƙara tsada ga ƙananan shaguna. Zarton hannu ba ya jiran wuta, ba ya shan mai.

Siffofin zarton da ya dace

*Ƙarfen baya.* Zarton dobtel yana da ƙarfe ko tagulla da aka lanƙwasa a gadon bayansa. Ruwan zarton siriri ne, kaurinsa kusan rabin milimita, don haka ba zai tsaya a miƙe ba sai da wannan madogara. Nauyin ƙarfen bayan kuma shi ke danna haƙora cikin katako, mai aiki ba ya buƙatar matsa hannu.

*Tsawo.* Yawanci inci 8 zuwa 10 ne, wato santimita 20 zuwa 25. Wanda ya kai inci 12 zuwa 14 shi ne zarton harshe da rami, kuma haƙoransa sun ɗan fi girma.

*Yawan haƙora.* Ana ƙirga su a kan inci ɗaya. Babban zarton da aka saba gani a hannun masu aikin rufi yana da 7 ko 8 a inci. Na dobtel yana da 15 zuwa 20. Dalilin a lissafi yake. Idan kaurin allo rabin inci ne, babban zarto haƙora huɗu kacal zai sa a cikin katakon a lokaci guda, sai ya riƙa tsalle yana yagar baki. Mai haƙora 15 zai sa bakwai ko takwas, ya tafi lami lafiya. Idan allon siriri ne kamar rubu'in inci, mai 20 ya fi dacewa. Idan kuma ya kai inci ɗaya, haƙoran da suka yi ƙanana da yawa garin katako zai cika tsakaninsu, aikin ya yi nawa. Ga wanda zarto ɗaya zai iya saya, mai 14 zuwa 16 ya wadatar a yawancin aikin durowa da akwati.

*Yadda aka wasa haƙoran.* Iri biyu ne. Akwai haƙoran da aka wasa kamar ƙananan wuƙaƙe domin datse katako a gicciye. Akwai waɗanda aka wasa da miƙaƙƙen baki domin bin tsawon katako. Yankan kunnuwan dobtel daga kan allo yake farawa ya bi tsawonsa, saboda haka nau'i na biyu ake nema. Shi ne kuma ya fi sauƙin wasawa da magagari mai kusurwa uku.

*Buɗin haƙora.* Haƙoran zarto a karkace suke kaɗan, ɗaya dama ɗaya hagu, domin hanyar da suka yanka ta ɗan fi ruwan zarton faɗi. Idan buɗin ya yi yawa, zarto zai yi ta yawo a cikin hanyarsa, haɗin ya fito da giɓi. Idan ya yi kaɗan, ya riƙa cijewa. Aikin dobtel buɗi kaɗan yake so, gwargwadon yadda ruwan zai wuce ba tare da ya maƙale ba.

*Mariƙi.* Akwai mai siffar gindin bindiga, akwai miƙaƙƙe zagayayye. Na farkon yana taimaka wa hannu ya gane ko zarton a tsaye yake ko ya karkace. Mariƙin da aka ɗaure da sukurori ya fi wanda aka danne da ƙusar dindindin, domin idan hunturu ya tsuke katakon mariƙin ana iya ƙara ɗaure shi.

Na turawa ko na ja?

Zartunan da Turawa suka kawo wannan yanki da turawa suke yanka. Cibiyar ƙera su a Ingila ita ce birnin Sheffield, inda kamfani irin Spear & Jackson ya samo asali tun ƙarni na 18. A Amurka kuma kamfanin Disston na Philadelphia, da aka kafa a 1840, shi ya yi fice.

Zarton Japan da ake kira dozuki da ja yake yanka. Tunda ja yana miƙar da ruwa, ana iya yin sa siriri har kusan milimita 0.3, yankansa kuma tsaf yake fita. Sai dai haƙoransa dogaye ne sirara, suna iya karyewa a katako mai tsananin tauri irin ƙirya ko kawo, kuma yawancin na kasuwa ba a wasa su, sauya ruwan ake yi. Kafintan da ke Wudil, wanda sai ya shiga Kano kafin ya sami irin wannan kaya, ya kamata ya fara tambayar inda zai sami sabon ruwa kafin ya biya kuɗin zarton.

Haƙoran da ba sa wasuwa

Da yawa daga zartunan zamani masu mariƙin roba an gasa bakin haƙoransu da lantarki domin su yi tauri. Alamar ita ce bakin haƙoran ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi. Suna daɗewa da kaifi, amma ranar da suka dakushe magagari ba ya kama su, sai jefarwa. Zarton da ba a gasa ba ana iya wasa shi shekara da shekaru. Tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, kayan aikin da ake shigowa da su sun yi tsada, wanda ya sa wannan bambanci ya ƙara nauyi a aljihun mai sana'a. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Tsohon zarto na hannu mai miƙaƙƙen ruwa, ko da ya yi tsatsa sama-sama, sau da yawa ya fi sabo marar asali.

Wasu masu koyo kan ɗauki zarton yanka ƙarfe saboda ƙanƙantar haƙoransa. Yana iya yanka siririn allo idan babu yadda za a yi, amma haƙoransa ba sa kwashe garin katako, ruwansa kuma yana murɗewa, layin ba ya fita a miƙe.

Gwajin da za a yi a kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Sabon Gari, mai saye ya tafi da guntun katakon da ya saba aiki da shi. Ya ɗaga zarton ya hango shi daga mariƙi zuwa baki, ya tabbatar ruwa da ƙarfen baya a miƙe suke. Ya ɗora ma'auni ya ƙirga haƙoran da kansa, kada ya tsaya ga abin da aka buga a kwali. Ya girgiza mariƙin ya ji ko yana motsi. Sannan ya ja layi a guntun katakon ya gwada. Zarto mai kyau zai fara cin katako ba tare da tsalle ba, ya bi layi, ya fito ba tare da cijewa ba. Idan kullum gefe ɗaya yake karkata, buɗin haƙoran wannan gefen ya fi yawa, kuma goga dutsen wasa sau ɗaya ko biyu a gefen yana gyara shi.

Irin katakon ma yana da ta cewa. Farin katako mai laushi irin obece da afara, da ake kawowa daga Kudu zuwa kasuwannin 'yan katako kamar ta Na'ibawa, yana murƙushewa idan zarto ya dakushe. Maɗaci da iroko kuwa sun fi riƙe kaifin layi, amma suna cin kaifin haƙora da sauri. Bai kamata a sa wannan zarto a filawud ko allon MDF ba, domin gam ɗin da ke cikinsu yana kashe kaifi. Haka tsohon katako mai ɓoyayyar ƙusa. Da damina kuma a riƙa shafa masa ɗan mai saboda tsatsa.

Abin da ɗan ƙasa zai iya tambaya

Manhajar kwalejojin fasaha, wadda hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke tsarawa, ta ƙunshi aikin kafinta da haɗa kayan ɗaki, kuma hukumar NABTEB tana jarraba ɗalibai a aikace. Ɗalibin da bai taɓa riƙe zarto mai kaifi ba ba zai koyi wannan haɗi a kan allon aji ba. Don haka idan aka ware kuɗin kayan aikin ɗakunan koyon sana'a, akwai hujjar tambayar wane irin kaya aka sayo, guda nawa, kuma ko akwai magagari da wanda ya iya wasa su.

Haka batun kwangilar kayan makarantu. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta Tarayya ta 2007 ta tanadi a fayyace ƙa'idojin kaya a takardar neman kwangila, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukumomin tarayya irin su UBEC. Takardar da ta ce “tebur na katako” kawai ta buɗe wa ɗan kwangila ƙofa ya kawo ɗanyen katako da aka harhaɗa da ƙusa. Wadda ta ambaci nau'in katako, kaurinsa, bushewarsa da irin haɗin da za a yi, ita ce ake iya auna aiki da ita.

Duba aikin ba ya buƙatar ƙwarewa. Duk wanda ya je makaranta ko ofis a Wudil zai iya zaro durowa ya kalli gefenta. Idan ya ga kunnuwa sun shiga juna babu giɓi, an yi aikin da zai daɗe. Idan kan ƙusa ya gani da ɗan gam, akwai yiwuwar kafin hunturu biyu ko uku a sake ware kuɗin gyara ko sayen wani.