Dokar NDAA ta Amurka da tsare mutum ba tare da shari'a ba

NDAA doka ce da majalisar dokokin Amurka ke amincewa da ita kowace shekara domin tsara kuɗi da ayyukan sojan ƙasar, kama daga albashi har makamai da sansanoni. Fiye da shekara 60 ke nan ana yin ta ba fashi. Da yake babu ɗan majalisar da ke son a ce shi ya hana soja albashi, akan cusa mata wasu ayoyi waɗanda da su kaɗai suka zo, da wuya su wuce.

Wadda ta fi tada ƙura ita ce aya ta 1021 cikin dokar da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba 2011. Ayar ta tabbatar wa soja ikon tsare duk wanda ake zargi da zama ɗan Alƙa'ida ko Taliban, ko ƙungiyoyin da ke ƙawance da su, ko wanda ya ba su goyon baya mai yawa. Tsarewar ba sai an kai shi gaban alƙali ba, kuma za ta iya ɗorewa har ƙarshen yaƙi. Tushen wannan iko izinin amfani da ƙarfin soja ne da majalisa ta bai wa shugaba George Bush a Satumba 2001, kwanaki kaɗan bayan harin 11 ga watan.

To jama'a, a nan gizo ke saƙar. Yaƙin ƙasa da ƙasa yana da ranar ƙarewa: a sa hannu, a yi musayar fursunoni, kowa ya koma gida. Amma yaƙi da ta'addanci, wa zai ce yau ya ƙare? Sannan mene ne goyon baya mai yawa? Kuɗi ne, ko masauki, ko hira da ɗan jarida? Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su ACLU da Human Rights Watch sun ce dokar ba ta fayyace ba. Masu goyon bayanta kuwa cewa suke ba sabon iko ba ne, abin da ake yi tun 2001 ne aka rubuta. Shi kansa Obama ya sa hannu yana cewa gwamnatinsa ba za ta yi wa ɗan Amurka irin wannan tsarewa ba. Sai dai alkawarin shugaba ba ya ɗaure wanda zai gaje shi.

Wani ɗan jarida, Chris Hedges, da wasu sun kai ƙara. A 2012 mai shari'a Katherine Forrest ta hana aiki da ayar, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce masu ƙarar ba su da hurumin shigar da ita. Kotun ƙoli ta ƙi sauraren batun a 2014.

Inda ake ganin abin a zahiri shi ne gidan kason Gwantanamo da ke tsibirin Kuba, wanda aka buɗe a Janairu 2002. Kimanin mutum 780 suka ratsa ta cikinsa, mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu da wani laifi ba. Mohamedou Ould Slahi ɗan Muritaniya ya yi shekara 14 a can kafin a sake shi a 2016. Mohammed el Gharani, wanda iyayensa ƴan Chadi ne, yana yaro matashi aka kama shi a Pakistan. Sai a 2009 alƙali ya ce hujjojin gwamnati ba su isa ba, aka kai shi Chadi. Ƴan uwanmu da ke Ghana za su tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a 2016 da ƙasar ta karɓi ƴan Yaman biyu daga wannan kaso.

A Janairu 2009 Obama ya ba da umarnin rufe gidan cikin shekara guda. Bai rufu ba, kuma NDAA na da hannu: tun 2011 majalisa ke maimaita ayar da ta hana kashe kuɗin gwamnati wajen kawo fursunonin cikin Amurka, ko da don a yi musu shari'a a kotun farar hula ne. A farkon 2025 mutum 15 suka rage a ciki, har da Khalid Sheikh Mohammed da ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, wanda ke hannu tun 2003 ba a yanke masa hukunci ba.