Katin Hoto na Kwamfuta a Kasuwannin Legas: Tarihin Talla da Gwaji

Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke lissafa abin da ido zai gani a allo, wato launi da haske da inuwa da motsi. Da shi masu tace fim da masu zanen gine-gine da masu gidajen gem suke aiki, kuma sau da yawa ya fi kowane sashe na kwamfutar tsada. A Legas, cibiyar cinikinsa ita ce kasuwar Computer Village da ke Ikeja, tsakanin Agege ta arewa maso yamma da Ojota ta gabas, wurare biyu da Hausawa suka daɗe suna zama da neman halaliyarsu. Tun da aka fara sayar da wannan kati ake ja-in-ja a kan ko hoton da aka nuna a talla shi ne mai saye zai gani a shagonsa.

Cinikin ya kafu a Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo a 1996, Nvidia ya biyo da GeForce 256 a 1999, sai gasa ta yi zafi tsakaninsa da kamfanin ATI na Kanada, wanda AMD ya saye a 2006. Abu biyu ake auna kati da su: kyan hoto, da yawan hotunan da yake zanawa a daƙiƙa ɗaya. Waɗannan biyun kishiyoyi ne, domin duk ƙarin kyau ƙarin lissafi ne, ƙarin lissafi kuwa yana rage gudu. Talla takan yi alkawarin duka biyun a lokaci guda, kuma daga nan yawancin saɓani ke tasowa.

A 2001 masu gwaji suka gano cewa manhajar da ke tafiyar da katin Radeon 8500 na ATI tana gane wasan Quake III, wanda da shi ake awon gudu a lokacin, sai ta rage kyan hoton a ɓoye don maki ya ƙaru. Da aka sauya wa wasan suna, hoton ya gyaru, gudun ya ragu. A 2003 kamfanin Futuremark, mai manhajar awo ta 3DMark03, ya bayyana cewa manhajar Nvidia na yin irin wannan dabara, kuma da aka toshe ta makin GeForce FX 5900 Ultra ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya Futuremark da Nvidia suka sasanta, aka sassauta lafazi, amma masu saye sun riga sun koyi cewa lamba a takarda tana iya zama shiri.

A daidai waɗannan shekaru kasuwar Ikeja ke tasowa. Titin Otigba da maƙwabtansa irin su Pepple da Ola Ayeni a da unguwar gidajen kwana ce, har masu sayar da kayan kwamfuta suka fara mayar da ɗakuna shaguna a shekarun 1990. Shigowar wayar salula a 2001 ta cika unguwar da masu saye da masu gyara. Mafi yawan kwamfutocin da ake sayarwa tokumbo ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Apapa. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma har kashi 75 cikin ɗari na iya zama matattu. Saboda haka katin da ya isa hannun mai saye a Legas yakan zo ba kwali ba takardar garanti, yana ɗauke da iƙirari biyu: na kamfanin da ya ƙera shi, da na ɗan kasuwar da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Hausawan Legas ba baƙin irin wannan ciniki ba ne. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a farkon ƙarni na ashirin, Agege ta zama babbar matattarar goro, fatake suka kafa Zango, suna saye daga manoman yankin suna lodawa Arewa. Cinikin ya tsaya a kan dillali da maigida, waɗanda sunansu ke zama lamuni tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma mai sayen huhu ba ya tsayawa a goron da aka jera a sama. Wannan ɗabi'a ta ƙin cinikin biri a sama ita ce 'yan Arewa masu saro waya da kwamfuta a Ikeja suke bi har yau. Ana saka katin a kwamfutar shago, a kunna shi a gaban mai saye, a rubuta kwanakin garanti a rasit, sau da yawa kuma a tafi da makanikin da aka yarda da shi.

Abubuwan da suka biyo baya sun nuna amfanin wannan taka-tsantsan. A watan Satumba na 2014 Nvidia ya fito da GTX 970 da rubutun gigabait 4 na ma'adana. Cikin 'yan watanni aka gano cewa 3.5 ne ke gudu sosai, sauran rabin gigabait ɗin mai nawa ne, kuma hoto kan yi tsalle-tsalle idan aiki ya kai gare shi. An kai ƙara a Amurka, a 2016 kamfanin ya amince ya biya kowane mai saye na can dala 30. Wanda ya sayi katin a Ikeja bai shiga wannan rabo ba. A 2018 aka fitar da GT 1030 mai ma'adanar DDR4, wanda gudunsa bai kai na asalin mai GDDR5 ba, alhali sunansu ɗaya. A gefe guda masu jabu suka riƙa ɗauko tsoffin kati irin GTS 450 suna sauya musu bayanan ciki su fito da sunan GTX 1050 Ti, har manhajar bincike ta GPU-Z ta ƙara alamar tona jabu a wannan shekara. Sannan a 15 ga Satumba 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da katin hoto, sai katunan da suka shekara suna haƙar wannan kuɗi dare da rana suka kwararo kasuwannin kayan hannu na duniya.

Tallar kama da zahiri ta ɗauki sabon salo a watan Agusta na 2018, lokacin da Nvidia ya gabatar da jerin RTX a birnin Kolon na Jamus. Fasahar tana bin sawun haske, ta fitar da inuwa da ƙyallin ruwa da gilashi yadda suke a ido. Ci gaban gaskiya ne, amma ranar da katunan suka shiga kasuwa babu wasan da ke amfani da shi, kuma da wasan Battlefield V ya samu a watan Nuwamba, gudu ya ragu ƙwarai. A Janairun 2025 shugaban kamfanin, Jensen Huang, ya ce RTX 5070 na dala 549 zai yi aikin RTX 4090, wanda aka fara sayarwa dala 1,599. Lissafin ya haɗa da hotuna har uku da ƙirƙirarriyar basira ke cusawa bayan kowane hoto ɗaya da katin ya zana. Da masu gwaji suka kashe wannan ƙari, tazarar ta fito fili, ga kuma ma'adanar RTX 5070 mai gigabait 12 a gaban ta RTX 4090 mai 24.

Yanayin Legas ma yana da nasa hukunci. Ana ɗaukar hoton talla a kwamfuta mafi ƙarfi da allo mafi tsada, a ɗaki mai sanyi. RTX 4090 kaɗai yana iya jan wuta wat 450, kuma kati yakan rage gudunsa da kansa idan zafi ya yi masa yawa. A shagon da ke dogaro da janareta, ga zafi ga ƙura, kati mai lafiya ma ba zai kai abin da aka nuna ba.

Katin da ya mutu yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan. A bolar Olusosun da ke Ojota, wadda aka buɗe a 1992, 'yan jari-bola, da yawansu 'yan Arewa, suna ware tagulla da alminiyam da faifan lantarki, su sayar a kilo. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011 don hana shigo da matattun kaya da sunan tokumbo. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta haifar da hukumar FCCPC, ta haramta talla mai yaudara.

Abin da wannan tarihi na kusan shekara talatin ya tabbatar shi ne katunan sun inganta ƙwarai, amma talla kan nuna iyakar abin da kati zai iya a yanayi mafi dacewa. Abin dogaro ga mai saye shi ne sakamakon masu gwaji masu zaman kansu, da cikakkiyar lambar kati da nau'in ma'adanarsa, da kunna shi a kan ainihin aikin da za a yi da shi har ya ɗau zafi, da rasit mai garanti daga shagon da za a iya komawa. Gani ya kori ji.