Sairus Sarkin Farisa Da Mutanen Da Ya Ci Da Yaƙi

Mun saba jin sunan Sairus a littafin Ezra da na annabi Ishaya. Bari yau mu dube shi kamar yadda tarihi ya san shi.

Kafin zamaninsa, manyan sarakunan gabas suna da wata al'ada. In sun ci ƙasa da yaƙi, sai su kwashe manyanta da maƙeranta su kai su nesa, don kada su sāke tayar da kai. Haka Assuriyawa suka yi wa Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu. Haka kuma Nebukadnesar ya yi wa Urushalima a 586, ya ƙone Haikali, ya kwashe kayan sujada zuwa Babila.

Sairus ya hau gadon sarauta wajen 559 a wata ƙaramar ƙasa mai suna Anshan, a kudancin Iran ta yau. A 550 ya kā da sarkin Mediya, bayan 'yan shekaru kuma ya ci Lidiya. A 539 ya juyo kan Babila. Sarkinta Nabonidus ya riga ya ɓata da firistocin gunkinsu Marduk, ya yi wajen shekara goma yana zaune a Tema cikin hamadar Arabiya, ya bar wa ɗansa Belshazzar riƙon gari, wato shi wanda muke karanta labarinsa a littafin Daniyel. Aka gwabza a Ofis, bakin kogin Taigiris, daga nan babban birnin ya faɗi ba tare da dogon yaƙi ba.

A nan ne Sairus ya bi wata hanya dabam. Ya ba bayin da aka kwaso izini su koma gida. Littafin Ezra ya faɗa mana Yahudawa 42,360 suka koma, aka kuma mayar musu da kwanonin zinariya da na azurfa guda 5,400.

A shekara ta 1879 masu tonon kufai suka sami wani ɗan dunƙulen yumɓu a Babila, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, da rubutun Sairus a jikinsa. Yana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. A ciki sarkin ya yi fahariya cewa ya mayar da gumaka zuwa ɗakunansu, da mutane zuwa garuruwansu. Amma fa mu lura, bai ambaci Yahudawa ba, kuma Marduk ya ce ya ba shi nasara. Ashe mutumin da Ishaya ya kira shafaffe na Ubangiji bai san Ubangiji ba, kamar yadda annabin kansa ya nuna.

Me ya sa ya yi haka? A ganinmu akwai wayon sarauta a ciki. Talakan da aka bar masa gidansa da addininsa yakan biya haraji ba gardama. Ƙasar Yahuza kuwa tana kan hanyar Masar, wadda ɗansa Kambisis ya ci a 525. Komawar ma ba 'yanci ba ce cikakkiya. Zarubabel jikan gidan Dawuda ne, duk da haka gwamna aka naɗa shi, ba sarki ba. Aikin Haikali ya tsaya shekaru, sai a shekara ta shida ta mulkin Dariyus aka gama shi. Sairus bai gan shi ba, gama ya rasu a 530.

Kabarinsa na dutse yana nan a Fasargada. A 1971 sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlawi, ya tsaya a gabansa, ya buɗe bikin cika shekara 2,500 na sarautar Farisa, sarakuna da shugabannin ƙasashe da yawa suka halarta. Shekara bakwai da 'yan watanni bayan haka, a Janairu 1979, ya fita daga ƙasar, aka kuma soke sarautar. Ya mutu a Masar a 1980.