Gidajen gahawa na birnin Paris, daga 1686 zuwa yau

Kalmar "gahawa" da Bahaushe ya sani da kalmar "kafe" da Bafaranshe yake faɗa, uwarsu ɗaya ce, wato ƙahwa ta Larabci. Tamu ta zo mana kai tsaye daga bakin Larabawa, tasu kuwa sai da ta ratsa ta bakin Turkawa da na fataken Italiya kafin ta isa Faransa. Tsiron kansa ɗan tsaunukan Habasha ne, kuma Sufayen ƙasar Yaman na ƙarni na 15 su ne aka fara sani da dafa ƴaƴansa, domin su kori barci su raya dare da zikiri. Tun a wancan lokaci masu mulki suka sa masa ido. A 1511 wani hakimin Makka ya hana shan gahawa, ko da yake hanin bai yi ƙarko ba, kuma wajen 1555 aka buɗe gidajen shanta a Istambul. Abin da ke damun hukuma shi ne taron da finjali yake tarawa da maganar da ke fita daga bakin masu shan. Wannan damuwa ta bi gahawa har birnin Paris.

A 1669 Sarkin Musulmin Turkiyya, Muhammadu na Huɗu, ya aiko wani manzo mai suna Sulaiman Aga zuwa fadar Sarki Luwi na 14. Ganawar ba ta yi armashi ba, don manzon bai nuna wani mamaki ba game da adon da aka yi dominsa, abin da ya ɓata wa sarkin rai, har Molière ya yi wa Turkawa shaguɓe a wasan kwaikwayon da ya fitar a shekara mai biyowa. Amma a watannin da baƙon ya yi a birnin, manyan mata da maza sun yi ta kai masa ziyara, yana shayar da su gahawa a kan darduma da matasai. Bayan shekara uku, wani Ba'armene da ake kira Pascal ya kafa rumfar sayar da ita a kasuwar shekara-shekara ta Saint-Germain. Rumfunan farko duhu ne da su da hayaƙin taba, mutumin kirki ba ya son a gan shi ciki.

Wanda ya sauya al'amarin wani mutumin tsibirin Sisiliya ne, Francesco Procopio, wanda ya buɗe gidansa a 1686. Ya jera madubai a bango, ya rataya fitilun gilashi, ya kawo tebura na dutsen marmara, ya haɗa gahawa da shayi da cakulan da ƙanƙara mai zaƙi. Sa'a kuma ta zo masa har ƙofa: a 1689 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Comédie-Française ta tare a tsallaken titi, daidai gaban gidansa. Daga nan marubuta da ƴan wasa da masu sukar wasa suka mai da wurin zaurensu. A ƙarni na 18 Voltaire da Rousseau da Diderot duk sun zauna a nan, haka Benjamin Franklin na Amurka. A shekarun 1720 gidajen gahawa sun haura 300 a Paris, kafin juyin juya hali kuwa marubucin nan Louis-Sébastien Mercier ya ƙiyasta su 600 zuwa 700.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a Faransar wancan zamani ba a buga littafi ko jarida sai da izinin sarki. Wanda yake son jin abin da ake ciki sai ya biya kuɗin finjali ɗaya, ya sami kujera da ɗumi da haske, ya karanta abin da aka yarda a buga, sa'an nan ya saurari abin da ba a yarda a buga ba. Bafade da lauya da ɗalibi da ɗan kasuwa suna iya zama tebur kusa da tebur, abin da ba ya yiwuwa a fada. Ƴan sanda sun gane haka, suka baza ƴan rahoto, waɗanda mutanen gari suka laƙaba wa suna "ƙudaje". Rahotannin da suka rubuta na hirarrakin da suka tsinta suna nan ajiye cikin takardun kurkukun Bastille, kuma masana tarihi na yau da su suke gane abin da mutanen birni suke faɗa game da sarkinsu. Magulmaci ya yi wa tarihi hidimar da bai yi niyya ba. Wanda ya san yadda fadar samari ta yi ƙarfi a garuruwanmu a shekarun 1990, lokacin da baki ya buɗe, ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, sai dai mu butar shayi muke kewayewa.

Kowane gida da irin mutanensa. Café de la Régence ya shahara da darar Turawa, a nan gwani Philidor yake buga wasansa, kuma a nan ne Karl Marx da Friedrich Engels suka haɗu cikin watan Agusta na 1844, haɗuwar da ta zama farkon abotarsu. Ran 12 ga Yuli 1789, da labari ya iso cewa sarki ya sallami minista Necker, wani matashin lauya, Camille Desmoulins, ya haye tebur a ƙofar Café de Foy cikin harabar Palais-Royal, ya kira jama'a su ɗauki makamai. Bayan kwana biyu Bastille ta faɗi. A Procope kuwa Danton da Marat suka riƙa taruwa da mutanensu, maɗaba'ar jaridar Marat ma tana lungun da ke bayan gidan.

Akwai ɓangaren labarin da masu yi wa baƙi jagora ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali in babu shi ba a fahimci komai ba. Daga ina gahawar take zuwa? Da farko daga tashar Moka ta Yaman, da tsada ƙwarai. A 1714 hukumar birnin Amsterdam ta ba Luwi na 14 kyautar itacen gahawa guda, aka raine shi a lambun sarki. A farkon shekarun 1720 wani hafsan sojan ruwa, Gabriel de Clieu, ya ɗauki dashensa zuwa tsibirin Martinique, kuma bisa ga faɗarsa har rabon ruwan shansa ya riƙa raba wa tsiron a cikin jirgi. Daga nan noman ya bazu zuwa sauran tsibiran da Faransa ta mallaka, musamman Saint-Domingue, ƙasar da ake kira Haiti a yau. A ƙarshen shekarun 1780 wannan yanki kaɗai yana fitar da kusan rabin gahawar duniya, kuma masu noman bayi ne, wajen rabin miliyan, akasarinsu haifaffun Afirka. A cikin rajistar gandaye da sanarwar cigiyar bayin da suka gudu, ana rubuta asalin kowa: Kongo, waɗanda su suka fi yawa a gonakin gahawa na kan tudu, da Nago, wato Yarabawa, da Bambara, da kuma waɗanda aka rubuta "Aoussa". Hausawa ke nan, da aka bi da su ta gaɓar teku aka sayar. Finjalin da ya yi arha har ɗan boko marar kuɗi ya iya zama a Procope yana muhawara a kan ƴancin ɗan Adam, guminsu ne ya saukar da farashinsa.

Bayin sun yi tasu muhawarar da wuta da adda. Sun tashi cikin Agusta 1791, Faransa ta soke bauta a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, Haiti kuwa ta ƙwaci kanta ran 1 ga Janairu 1804. A 1825 Faransa ta ɗora mata diyyar faran miliyan 150 don biyan tsofaffin masu gandaye, daga baya aka rage zuwa miliyan 90, kuma harajin gahawa na cikin manyan hanyoyin da aka biya bashin. A Paris kuwa, rasa tsibirin da kuma takunkumin cinikin teku da Napoleon ya kafa a 1806 sun sa gahawa ta yi wuya, mutane suka koma soya saiwar wani tsiro mai ɗaci, shikore, suna gauraya ta. Harshensu ya saba da ɗacin, sabon da ya daɗe bai bar su ba.

Ƙarni na 19 ya fito da gidan gahawa bakin titi. Da Haussmann ya rusa tsofaffin unguwanni ya shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin 1853 da 1870, sai aka sami filin jera kujeru a waje, suna fuskantar masu wucewa. Café de la Paix, wanda aka buɗe a 1862, ɗan wannan zamani ne. Talakawa kuma suna da nasu: ƴan ci-rani daga tsaunukan Auvergne suka buɗe ƙananan shaguna inda miji ke sayar da gawayi da itace, mata tana tsaye bayan kanta tana zuba giya da gahawa. A irin waɗannan wurare ma'aikata suka shirya yajin aiki. A wani gidan, Café du Croissant, aka harbe Jean Jaurès ran 31 ga Yuli 1914, yana cikin fafutikar hana yaƙin duniya na farko.

Sunayen da suka fi shahara yau, Café de Flore da Les Deux Magots, maƙwabtan juna ne a unguwar Saint-Germain-des-Prés, dukansu na shekarun 1880. Darajar Flore ta samo asali ne daga abu mai sauƙi: a lokacin mamayar Jamus, 1940 zuwa 1944, gawayi ya yi ƙaranci, ɗakunan haya sun yi sanyi ƙarara, shi kuwa gidan yana da murhu. Jean-Paul Sartre da Simone de Beauvoir suka mai da shi ofishinsu, suna wuni suna rubutu. Bayan yaƙi baƙaƙen marubutan Amurka da suka guje wa wariyar launi suka iso. Ranar da James Baldwin ya sauka Paris a 1948, a Deux Magots ya tarar da Richard Wright, kuma a benen Flore ya yi aikin wani sashe na littafinsa na farko. A wannan gefe na kogin Seine ne Alioune Diop na Senegal ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947, wadda ta shirya taron marubuta baƙar fata a Sorbonne a 1956, kuma maɗaba'arta ce daga baya ta buga littattafan Boubou Hama. A arewacin birnin kuwa, a unguwanni irin su Barbès, gidajen gahawar leburorin Aljeriya sun zama fagen fama. A lokacin yaƙin neman ƴanci, ƙungiyoyin FLN da MNA sun yi ta kai wa juna hari a cikinsu, kan wa zai karɓi gudummawar ƴan ci-rani, rikicin da ya ci rayuka wajen 4,000 a Faransa.

Wani abin mamaki shi ne, duk da wannan suna, an daɗe ana kushe gahawar Paris ita kanta. Dalilin ma na tarihi ne. A ƙarni na 20 Faransa ta fifita amfanin ƙasashen da ta mallaka, su kuwa Kodibuwa da Kamaru da Madagaska irin robusta suke nomawa, mai jure zafi da cuta, amma mai ɗaci da kaushi in an gwada shi da arabika na kan tsaunuka. A Kodibuwa gonakin Turawa sun dogara da aikin tilas, yawancin ma'aikatan Mosawa ne daga arewa, har dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wanda shi ma manomin koko da gahawa ne, ta soke shi. A shekarun 1970 ƙasar ta zama ta uku a duniya wajen noman gahawa. Ana soya ƙwayar har ta yi baƙi ƙirin don ɓoye aibinta, manyan dillalai kuma suna ba mai shago aron injin bisa sharaɗin ya riƙa sayen kayansu kaɗai. Mai shago ba shi da zaɓi, mai sha kuma ya zo ne don kujera da hira, ya jefa sukari biyu ya wuce.

Su kansu gidajen sun yi ta raguwa. Wajen 1960 akwai kimanin 200,000 a faɗin Faransa, yanzu ba su kai 40,000 ba. Talabijin da mota da ƙaurar mutane daga ƙauyuka sun ci rabonsu, aka kuma hana shan taba a cikinsu tun daga Janairu 2008. A 2024 gwamnati ta shigar da al'adar zaman waɗannan wurare cikin jerin kayan gadon ƙasa, kuma ba a cika yi wa abu irin wannan gata ba sai an ga alamar zai kuɓuce.

A daidai wannan lokaci ne wani sabon salo ya ɓullo, wanda ake kira gahawa ta musamman. Ma'anarta a wurin masu sana'ar a ƙayyade take: ƙwayar da ƙwararrun masu ɗanɗano suka ba maki 80 ko fiye cikin 100. Wadda ta fara buɗe mata ƙofa a Paris ita ce Gloria Montenegro, tsohuwar jakadiyar Gwatemala a Faransa, da ta kafa La Caféothèque a 2005, shekara ɗaya bayan Starbucks ya buɗe shagonsa na farko a birnin. Coutume ya biyo baya a 2011, Ten Belles da Télescope a 2012, masu suyar Belleville a 2013. A irin waɗannan wurare ana soya ƙwaya sama-sama don ƙamshinta na asali ya fito, ana auna gari da ruwa a kan sikeli, ba a barin ruwan ya kai ga tafasa. A jikin jaka ana rubuta ƙasa da gunduma da tsayin tsauni, da ko an wanke ƙwayar ne ko an shanya ta cikin ɓawonta, wani lokaci har da sunan manomi ko ƙungiyarsu. Sunayen Afirka sun dawo da daraja: Yirgacheffe da Sidama na Habasha, Kenya, Ruwanda, Burundi. A ganina wannan ci gaba ne na gaskiya, musamman ga wanda ya tuna yadda farashi ya rushe bayan wargajewar yarjejeniyar kason gahawa ta duniya a 1989, har a 2001 laba ɗaya ta faɗi ƙasa da rabin dalar Amurka. Sai dai rubuta sunan manomi a jaka bai nuna nawa ya shiga aljihunsa ba, kuma ƴan ƙalilan ne cikin masu suyar suke bayyana kuɗin da suka biya.

Mai son ganin duk wannan da ƙafarsa wuni ɗaya ya ishe shi. Procope yana nan a titin Ancienne-Comédie, sai dai ya rufe a 1872, ya yi ta sauya hannu, yau gidan cin abinci ne, da wata hula cikin gilashi wadda ake cewa Napoleon ya bari jingina lokacin yana ƙaramin hafsa. Régence da Foy babu su. Tafiyar minti goma ke kai mutum Flore da Deux Magots, inda finjali ɗaya ba ya kasa yuro 4, sama da jikka biyu da rabi ke nan a kuɗin sefa, kuma baƙi masu ɗaukar hoto sun fi marubuta yawa, ko da yake gidajen biyu suna ci gaba da ba da kyautar adabi kowace shekara, ɗaya tun 1933, ɗaya tun 1994. In ya ƙetare kogi zuwa titin Hôtel-de-Ville zai sami La Caféothèque. Sababbin gidajen shiru gare su, kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa, har wasu masu shago suka hana buɗe ta a ranakun ƙarshen mako don a sami kujerar masu hira. Surutu kuwa yana can a ƙananan shagunan unguwa da sassafe, inda masu shara da direbobi ke shan nasu a tsaye, don kuɗin kanta bai kai na tebur ba.